Ruwan Da Ke Sauka A Cikin Sarewarki

Salome tawa, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazarar Mubi, kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina ba sallama ba neman izini!

Ina gaishe ki, ina sake gaishe ki. Ya jiki? Ya ƙirjin? Kin ci wani abu yau, ko kin sake ture kwanon kin ce wa Goggo Miriyamu kin ƙoshi? Ke da na sani ba ki taɓa ƙoshi da miyar yakuwa ba, har gindin tukunya kike bi da yatsa, wai kina rage wa mai wanke-wanke aiki ne. Wayyo Salome! Biro na zamewa saboda gumi, amma dole in rubuta miki, domin abin da kunnena ya jiyo ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ki bar ni in fara daga inda muka tsaya. Tun farkon daminar bara, da likita ya ce tarin fuka ne, kuma irin mai taurin kan nan da ba ya jin maganin farko, kika kwashe kayanki kika koma gidan goggonki a unguwar Gude, kika saki labule, kika ce kada in ƙara ganin fuskarki sai kin warke. Aka ɗaga bikinmu. Na yi roƙo, na yi fushi, na turo dattawa, kika ƙi. Kin ce ba kya so in ɗauki ciwon, kuma ba kya so in ga yadda kika koma ƙashi da fata. Abu ɗaya kika bar min, sarewarki. Kullum da la'asar in zo in tsaya a bayan gida, jikin tagar ɗakinki, ke kuma daga bayan labule ki yi min busar nan ta Bafaranshe, in ji, in san kina raye, in kama hanya. Da wannan kaɗai nake rayuwa wata da watanni. Yau kuwa ina rubuto miki ne don ban ƙara sanin ko ke ce a bayan labulen nan ba.

Kin tuna ranar da na fara jin ki? Da rani ne, mayo, wato kogin garinmu, ya janye, sai ɗan ruwa a tsakiyar yashi. Na sauka duba wasu shanu da aka koro daga Sorau za a shigar da su kasuwa. Rana ta take tsaka, ko ganye ba ya motsi. Sai wata murya ta fito daga cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, ta faro daga can sama, ta gangaro a karkace kamar mai saukowa daga dutse da tulu a ka, ta tsaya, ta koma sama, ta sake gangarowa. Shanun suka ɗaga kai gaba ɗaya, ruwa na zuba daga bakinsu. Bafulatanin da ke kiwon su, mutumin da ya girma da sarewar kara a baki, ya saurara, ya ce wannan ba busar ɗan Adam ba ce, ya yi bisimilla ya kora dabbobinsa ko waiwaye bai yi ba. Amma kin san ni da shisshigi. Na kutsa cikin ciyawa, ƙaya na yakushina, ina shirin ganin mai kofato, sai ga wata yarinya zaune a kan dutse da silifas ɗin roba, ɗaya ma da ƙusa aka riƙe shi, tana riƙe da sandar ƙarfe mai ƙyalli, tana hararata kamar na taka mata shanya. Aljanar mayo da tsinkakken silifas! Ko gaisuwata ba ki amsa ba. Kika ce na ɓata miki busa, wai ita wannan ba a ganin mai yin ta.

Daga baya, da harara ta koma murmushi, kika ba ni labarin busar. A shekarar gudu, da Mubi ta watse kuka tsallaka Kamaru da ƙafa, wata tsohuwar Sistar coci a Garwa ta ga yarinyar da ba ta magana da kowa, ta miƙa mata sarewa. Ita ta koya miki, ita ta bar miki sarewar da za ku dawo. Ta ce wani Bafaranshe ne ya tsara busar fiye da shekara ɗari da suka wuce, don sarewa ɗaya tak, ba ganga, ba molo, ba mai amshi, kuma ya tsara ta ne don a busa daga ɓoye, masu sauraro su ji ba su ga kowa ba. Na yi dariya, na ce lalle mutumin nan bai taɓa zuwa biki a Michika ba, ina amfanin kiɗan da ba a takawa? Ga ta gajeriya, kafin ruwan shayi ya tafasa ta ƙare. Amma ta shige ni, Salome, ta shige ni ban san ta ina ba. Musamman ƙarshenta, inda take sauka, ta sauka, ta kwanta a kan murya ɗaya, muryar ta yi ta sirancewa har mutum ya kasa faɗin inda ta ƙare da inda shiru ya fara. Sau ɗaya kika ba ni sarewar na gwada. Na hura, na hura, kumatuna suka kumbura, iska kawai ta fito, kika yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ban gaya miki ba, ƙarfen yana da ɗumi lokacin da ya taɓa leɓena, ɗumin numfashinki ne, kuma na yini ina jin sa ranar.

Ina kewarki, Salome, kewar da ba ta da kunya. Ina kewar tafiyarki mai sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta, da yadda kike murtuke fuska in mawaƙan coci sun kauce wa murya, da ɗan tabon nan na haɓarki inda sarewa ke zama. In na ga dawa ta fid da kai, ke nake tunawa. In hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Kamaru, ke. In mace ta wuce da ƙanshin sabulun da kike wanka da shi, sai in tsaya a tsakiyar kasuwa kamar wanda ya manta abin da aka aike shi saye. Wane irin hukunci ne wannan, a ce tsakanina da ke bango ne da yadi ɗaya na labule, amma Garwa ta fi ki kusa?

Kin san aikina. Kowace safiya ina kwata, mahauta na jiran in duba nama kafin ya fita kasuwa, huhun saniya a tafin hannuna. Mai lafiya ba shi da nauyi, in ka matsa ya dawo kamar soso. Mai ciwo kuwa ƙulle-ƙulle ne a ciki, wuƙa na karo da su. Don haka in na tsaya jikin tagarki, ba busar kaɗai nake saurare ba, numfashinki nake bi. Na san kowane wurin da kike satar iska. Da damina ta yi nisa na ji wuraren suna ƙaruwa. Inda da kike wucewa da numfashi ɗaya sai kin tsaya kin ƙara, muryar ƙarshe ta riƙa yankewa tun ba ta sirance ba, wani lokaci tari ya biyo baya, in ji kina danne shi da matashi. Ina tsaye a waje ina cizon leɓe, ba halin magana, don kin ce duk ranar da na yi magana a taga, washegari ba busa.

Sai bayan Kirsimeti abin ya canja. Wata la'asar busar ta fito garau, muryar ƙarshe ta miƙe har iyakarta ba yankewa. Washegari haka, jibi haka. Salome, da kin gan ni! Na koma gida ina gaishe da mutanen da ban sani ba. Ranar Lahadi na tashi a gaban jama'a na ba da shaida, na ce Ubangiji ya taɓa huhun Salome, matan zumunta suka yi guɗa, fasto ya sa aka ɗaga waƙar godiya. Na je wurin tela na ce ya fito da ɗinkin bikin da na sa ya ajiye. Har ƙiba na yi, mahauta na tsokanata wai naman da nake hana su sayarwa ni ke cinyewa. Na lura busar ba ta bambanta daga rana zuwa rana, amma na ce ai ƙwarewa ke nan, lafiya ta dawo hannu ya zauna.

Makon jiya injin niƙan maƙwabtanku ya lalace. Kin san shi, wanda ke cika unguwa da ƙara daga azahar har faɗuwar rana, wanda ta cikin ƙuginsa nake tsamo busarki duk watannin nan. Ranar unguwar ta yi tsit. Zafi ya kora kowa ɗaki, kaji sun buɗe baki a gindin katanga, ko kare bai yi haushi ba. Na jingina da bango, bangon na ƙona min kafaɗa. Busar ta fara. Sai na ji wani abu a ƙarƙashinta, siriri, yaf-yaf-yaf, a kan kwano. Ruwa, Salome. Ruwan sama na sauka a kan rufin ɗakinki. Na ɗaga kai, sama ta yi fari fat, ba gajimare ko ɗaya, kwanon rufin na walƙiya da rana, busasshe ƙamas. Rabon Mubi da ruwa tun kaka. Na miƙa hannu kamar wawa, hannuna ya dawo a bushe, amma a cikin ɗakinki ana ruwa, har ina jin indararo na zuba a bokiti.

Na ce zafi ne ya taɓa min kai. Washegari na zo da wuri, na manna kunne a jikin ragar taga tun kafin lokaci. Ban ji an buɗe akwatin sarewa ba. Ban ji hurawar nan da kike yi a hankali don ƙarfen ya ɗumama ba. Shiru ne kawai, shirun ɗakin da aka share aka rufe, sai wani ɗan ƙit, ruwa ya fara, sannan busa ta biyo. Ruwan ya ƙaru daidai inda ya ƙaru jiya. Da busar ta kai tsakiya, wurin da take hawa sama kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi, sai na ji babur na tahowa daga nesa. Ya shawo kwanar gidanku yana kakari, salansa na kaɗawa, ya zo ya tsaya, aka kashe shi. Na san babur ɗin nan. Ke kika sa masa suna Tsohon Bunsuru saboda kukan da yake yi. Nawa ne, Salome, wanda injinsa ya buga tun lokacin girbi, wanda gangar jikinsa ke jingine a wurin bakanike kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Da ƙafa na zo ranar. Ina tsaye gumi na bin bayana, na ji kaina na iso cikin ruwa, na ji na sauka, na ji takalmina a cikin laka yana matsowa, yana matsowa, har ya tsaya daidai inda ƙafata take. Na juya. Ba kowa a lungun, sai wata akuya da ke kwance tana kallona.

Ban san yadda na kai gida ba. Sai da na zauna na sha ruwa hankalina ya dawo, na tuna ranar. Farkon damina ce, ba ki daɗe da shiga ɗaki ba, ruwa ya tsare ni a hanya, na iso kin riga kin fara. Ƙirjinki na da sauran ƙarfi a lokacin. Ashe wayarki na ajiye a gefe tana ɗauka. Ashe tun ranar kin hango lokacin da ba za ki iya ba, kika yi min guzuri kika adana. Wace irin ƙauna ce wannan, mai tanadin ɓoyo tun da sauran lafiya? Na ji haushi, ba zan rufe miki ba, haushin da ya hana ni cin abinci. Sannan tsoro ya zo ya kori haushin ya zauna a wurinsa. Tun bayan Kirsimeti, Salome! Tun bayan Kirsimeti nake tsayawa ina sauraren numfashin bara, har ina gode wa Allah a kansa a gaban jama'a. To numfashin bana fa? Ina yake?

Yanzu duk abin da na gani ban kula ba yana dawo min. Zanenki mai ruwan ganye da ba a rasa shi a igiyar shanya, yaushe rabon in gan shi? Saƙonninki a waya sun gajarce, daga na gode sai ina samun sauƙi, ke da ba kya rubuta layi biyu ba ki zolaye ni ba. In na kira ba a ɗauka, sai Goggo ta ce likita ya hana ki yawan magana. Ita kanta Goggo, in ta karɓi lemo da ƙwai daga hannuna a bakin ƙofa, ƙasa take kallo. Ga labulen nan kuma! Da, in kina busa, yakan ɗan motsa, gwiwar hannunki na taɓa shi. Yanzu a tsaye yake ƙiƙam daga farko har ƙarshe.

Wataƙila kina nan kwance, ba ƙarfin ɗaga sarewa, ke ce ke danna wayar da yatsanki, kina sauraren kanki tare da ni, bango kaɗai a tsakaninmu. In na tuna haka sai in ji kamar in tona bangon da farce. Wataƙila an ɗauke ki zuwa asibiti a Yola, kika roƙi Goggo ta rufa miki asiri don kada in bar aiki in bi ki. To zan bi ki, kin sani sarai. Akwai kuma wani tunanin da ke zagaye ni kamar ungulu a saman kwata, ba zan ba shi wurin sauka a takardar nan ba. Ina gaya wa kaina ba a ɓoye irin wannan a Mubi, garin da in akuya ta yi atishawa a Gude an ji a Muchalla kafin yamma. Amma iyayenki na can kan dutse bayan Michika, hanya ba kyau, waya ba ta shiga, kuma ban ga babanki a gari ba tun sabuwar shekara.

Akwai abin da Sistar nan ta gaya miki game da busar, kika faɗa min sau ɗaya kika ce ba kya son labarin. Wai tatsuniyar mutanen da ce. Wani ya bi wata yarinya, ta gudu har bakin kogi, ta roƙa a ɓoye ta, aka mai da ita kara. Da ya iso sai ya rungumi kara. Ya yanka, ya hura, murya ta fito, ya ce to wannan ma ya isa, ya zauna yana ta busawa. Kika ce mugu ne. Na ce mahaukaci dai. Yau ga ni an miƙo min murya an ɗauke yarinya, ana jira in ce ya isa. Bai isa ba! Ni ban bi ki a guje ba, ke kika tsaya da kanki kika ba ni hannu a gaban iyayenki. Ba sarewa na nema da aure ba. Me zan yi da busar da ba ta kuskure, ba ta gajiya, ba ta tsufa? Me zan yi da ruwan da ba ya jiƙa ƙasa? A bar min Salome da ramarta, da ƙashin wuyanta a waje, da fatar da kika ce magani ya duhunta, da muryar da ta dushe. In ciwon kike tsoro in ɗauka, ni da nake yini da hannu a cikin huhu? Zan ɗaura takunkumi, in tsaya nesa inda iska ke kaɗawa, yadda ma'aikatan asibiti ke yi, ba zan matso ba sai kin ce in matso.

Zan zura takardar nan ta ƙasan ragar taga yau da la'asar, don haka ban san hannun da za ta faɗa ba. Goggo, in ke ce kike karantawa, na durƙusa na gaishe ki, Mama. Ban zo da faɗa ba. Na san alkawari aka ɗora miki, kuma na ga nauyinsa a jikinki, ke ma kin rame. Kin yi wa 'yarki abin da ta roƙa. Kullum la'asar kina cikin ɗakin nan kina jin ruwan bara na sauka, kin san ina tsaye a waje, ba halin ki ce komai. Ki sauke haka nan, Mama. Ni ba yaro ba ne, kuma ba baƙo ba ne. Duk abin da yake akwai, ki bar ni in ɗauka tare da ke.

Salome, fitilar gidan da ba mu riga mun shiga ba, inuwata, tawa ni kaɗai. Gobe Lahadi, da an tashi sujada, ba zan zaga bayan gida ba. Ta ƙofa zan shigo, da rana tsaka, in yi sallama kamar mutumin kirki, in tsaya a gaban labulen. Ba zan ɗaga shi da hannuna ba, naki ne. Amma kada a kunna min komai. In da ƙarfi, ki kira sunana. In babu, kada ki wahalar da kanki, ki yi tari kawai. Wata da watanni ina roƙon Allah ya raba ki da tarin nan, yau ga ni ina roƙonsa ya bar min guda ɗaya in ji. Ko mai rauni ne, ko a cikin matashi ne, kunnena zai kama shi. Zan tsaya a wurin har sai na ji, ko kuwa har wani ya fito ya dubi idona ya gaya min dalilin shirun.

Na yi alkawari a gaban iyayenki, ina sake yin sa a nan ba shaida sai Allah: babu wata a bayanki. In kina bayan labulen, ga ni a gabansa. In kina Yola, ina hanya. In kuma kin yi nisan da mota ba ta zuwa, ki jira ni, naki ne ni har in iso.

Ezekiya